Gasar Intel da Nvidia: abin lura ga mai son zuba jari a Togo

Intel ya daɗe yana jan ragamar masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Amma a 2024 ya tafka asarar kusan dala biliyan 19, yayin da darajar Nvidia, mai cin kasuwar ƙirƙirarriyar basira, ta kai dala tiriliyan 4 a Yulin 2025.

Nvidia da abokin hamayyarsa AMD zane suke yi, galibi kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera musu. Ko wa ya yi nasara cikinsu, TSMC na da rabonsa.

Ba a cinikin hannun jarin waɗannan kamfanoni a BRVM, kasuwar yankinmu da ke Abidjan. Ɗan kasuwar Sokodé ko Dapaong da aka yi wa tayinsu ta WhatsApp, ya binciki lasisin dillalin kafin ya saki sefarsa.