LAMBAR K08 DA RAJISTAR CIWON HAƘORI A ƘASAR KAZAURE

Duk majinyacin da ya je Babban Asibitin Kazaure, ko wani ɗakin magani a Roni ko Gwiwa, akan rubuta abin da ya kawo shi a cikin rajista. Daga irin wannan rajista ne ake tattara alƙaluman da ake aika wa Ma'aikatar Lafiya a Dutse, kuma da su hukuma take duba inda ya kamata a tura likita da kayan aiki. Domin lissafin kowace ƙasa ya dace da na saura, sai aka ba kowace cuta lamba tata.

Asalin wannan tsari shi ne jerin musabbaban mutuwa wanda Jacques Bertillon, mutumin Faransa, ya gabatar a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, aka shigar da cututtukan da ba lalle ne su yi kisa ba. An amince da bugu na goma a 1990. Na goma sha ɗaya ya fara aiki a 2022, amma ƙasashe da dama ba su gama ƙaura daga na goma ba.

A bugu na goma, cututtukan baki suna tsakanin K00 da K14. Ruɓewar haƙori ita ce K02, ciwon ɓargon haƙori da ƙurjin saiwarsa K04, ciwon dasashi kuwa K05. Abin da bai shiga ko'ina ba shi ake kai wa K08, watau sauran matsalolin haƙora da abin da yake riƙe da su. A ƙarƙashinta akwai K08.1, giɓin da haɗari ko cirewa ko ciwon dasashi ya jawo, da K08.2, zaizayewar ƙashin muƙamuƙi bayan zubewar haƙora, da K08.3, guntun saiwar da ya saura bayan haƙori ya karye. Ciwon haƙorin da ba a faɗi dalilinsa ba kuwa, K08.8 ake ba shi.

To, a nan gizo ke saƙar. Ciwon haƙori alama ce kurum, akwai cutar da ta haddasa shi. Idan malamin asibiti bai duba bakin majinyaci ba, ya rubuta "ciwon haƙori" ya sallame shi da maganin zafi, akawu ba shi da wata lamba sai K08.8. Ta haka ruɓewa da ƙurji da ciwon dasashi sukan taru a tsibi guda. Mai tsara kasafi ba zai gane cike haƙora ake bukata ba, ko cirewa, ko kuwa wayar da kan jama'a game da tsabtar baki.

Haɗarin ya fi tsanani ga ƙananan yara. Cutar Noma, mai cin naman baki da fuska, takan fara ne kamar ciwon dasashi ga yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki. Lambarta daban ce, A69.0. An buɗe mata asibiti a Sakkwato a 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa roƙon Nijeriya. In aka binne farkonta a cikin K08, sai yaron ya rasa magani a lokacin da take warkuwa cikin sauƙi.

Saboda haka wajibi ne mai duba majinyaci ya rubuta ainihin cutar, akawu kuma ya mayar da kati don ƙarin bayani in bai gamsu ba. K08 ta abin da ya rage ce bayan an yi bincike.