Kafaɗa: Ƙaramar matsalar da ke iya hana matashi shiga makarantar soja

A ƙauyukan Gouna da ke gundumar Mirriya a jihar Damagaram, da wuya yaro ya girma bai taɓa faɗowa daga amalanke ba, ko a kā da shi a fagen kokawa. Galibi mai ɗori ake kira, bayan 'yan makonni a manta da zancen. Sai ranar da matashi ya cire riga a gaban likitan soja tsohon rauni ke dawowa.

Batun ya shafi mutane da yawa, domin tun a shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta bayyana shirin ninka yawan sojojinta daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Masu neman shiga makarantar horar da hafsoshi da ke Yamai, ko ta ƙananan hafsoshi ta ENSOA a Agadez, duk sai sun tsallake gwajin lafiya, kamar takwarorinsu masu neman NDA ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

Me likita yake dubawa?

Kafaɗa ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jikin mutum, shi ya sa ta fi saurin gocewa. A kanta soja ke dafe gindin bindiga, da ita yake ɗaukar jaka, da ita yake hawan igiya da katanga.

Saboda haka rundunoni ke ba ta muhimmanci. A tsarin SIGYCOP na sojan Faransa, harafin farko, wato S, na kafaɗa da hannuwa ne, kuma ana ba shi maki daga 1 zuwa 6. Wanda ya samu 1 shi ne lafiyayye sarai.

Abin da likita ya fi damuwa da shi shi ne aikin gaɓar, ba kamanninta ba. Zai sa matashi ya ɗaga hannuwa sama, ya kai su baya, ya tura bango don a ga ko allon kafaɗa na tasowa. Zai gwada ƙarfin hagu da na dama, ya tambaya ko akwai zafi.

Kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka ba abin mamaki ba ne, musamman ta hannun da mutum ya fi aiki da shi. Haka ma ƙullutun da ke saura a ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa bayan karaya ta warke. Idan babu zafi kuma hannu na kaiwa ko'ina, irin waɗannan ba su cika rage ƙarfin mutum ba, ko da yake hukuncin ƙarshe na likitocin soja ne.

Inda gizo ke saƙa

Babbar matsalar ita ce kafaɗar da ke yawan gocewa. Idan ta goce wa wanda bai kai shekara 20 ba, fiye da rabin lokuta takan sake gocewa, saboda guringuntsin da ke riƙe kan ƙashin ya yage. Mai ɗori na iya mayar da ƙashi wurinsa, amma ba ya ɗinke wannan yagewa. A Amurka ma irin wannan kafaɗa na hana a ɗauki mutum, sai dai idan an yi masa sassauci na musamman bayan nazarin takardunsa.

Ana gyara ta da tiyata, sai dai jinya da motsa gaɓa kan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin a koma aiki mai nauyi.

Kada a jira ranar gwaji

Daga Gouna zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ba nisa. Matashin da ke shakkar kafaɗarsa, gara ya je a duba shi, a ɗauki hoton ƙashi, ya adana takardun tun watanni kafin a buɗe rajista. Wanda ke ci-rani a Kano ko Aljeriya ma zai iya yin haka a inda yake.

Ɓoye ciwo, ko shan maganin kashe zafi a safiyar gwaji, ba dabara ba ce. Kafaɗar da aka ɓoye wa likita za ta tona kanta a filin horo, lokacin da iyaye sun riga sun sayar da akuya ko buhun gero don kuɗin mota da takardu.