Sabuwar Hanyar Cike Giɓin Ƙashi da Madogari da Ƙwayoyin Asali

Kamar yadda aka sani, ƙashi yana daga cikin sassan jiki ƙalilan da ke iya haɗe kansu bayan karaya. Sai dai wannan baiwa tana da iyaka. Idan haɗarin mota ko harbin bindiga ko ciwon daji ya cinye wani yanki mai tsawon santimita da dama, bakunan ƙashin biyu ba za su iya riskar juna ba, kuma ɗori komai kyansa ba zai cike wannan giɓi ba.

Abin da likitoci suka fi dogara da shi har yau shi ne yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci a dasa a wurin. Hanya ce ingantacciya, amma abin da za a iya ɗiba kaɗan ne, sannan wurin da aka yanka kan daɗe yana ciwo.

Wannan ne ya sa masana suka koma ga ƙera madogari, wato wani abu mai ƙananan ramuka kamar soso, wanda ake yi daidai da siffar giɓin. Galibi ana haɗa shi ne da sinadaran kalsiyam da fosfet, waɗanda su ne ma'adinan ƙashi, ko da wata irin roba mai narkewa a jiki. Aikinsa ya yi kama da na azara a rufin soro, illa dai shi ana son ya riƙa narkewa sannu a hankali yayin da sabon ƙashi ke maye gurbinsa. A cikin ramukan ne ake zuba ƙwayoyin asali da aka zuƙo daga ɓargon majiyyacin, irin waɗanda masanin Rasha Alexander Friedenstein ya nuna tun a shekarun 1960 zuwa 1970 cewa suna iya rikiɗa su samar da ƙashi.

A shekarar 2001, masana daga Italiya da abokan aikinsu suka bayar da rahoton majiyyata 3 masu giɓin santimita 4 zuwa 7 a ƙafa da hannu, waɗanda aka yi wa wannan aiki kuma ƙashin ya haɗe. Binciken da ya biyo baya a 2007 ya tabbatar da ɗorewar aikin, amma ya nuna cewa madogarin bai narke ba. Haka kuma a 2004, likitoci a birnin Kil na Jamus suka raini sabon muƙamuƙi a cikin tsokar bayan wani mutum mai shekara 56 har tsawon mako 7, sannan suka dasa masa a fuska. Ya samu damar tauna abinci bayan shekara 9.

Ba don komai aka bi ta tsokar baya ba sai don neman jini, kuma nan ne babban cikas yake. Ƙwayar da ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kashi 1 cikin 5 na milimita ba ta samun isasshiyar iska, don haka waɗanda ke tsakiyar babban madogari sukan mutu kafin jijiyoyi su iso gare su. Ga kuma tsadar raino ƙwayoyin a ɗakin gwaji da haɗarin shigar ƙwayoyin cuta. Saboda haka mafi yawan wannan aiki yana matakin gwaji ne, kuma ya kamata jama'a su yi hattara da duk mai tallan allurar ƙwayoyin asali da sunan maganin karaya.