Sunan iyali a takardun tarihi na ƙasashe masu jin Sipaniyanci

Duk mai neman asalin zuri'arsa a Sipaniya, ko a ƙasashen da ta mallaka, da sunan iyali yake farawa. Abin da za mu nuna a cikin wannan ɗan aiki shi ne sunan, idan shi kaɗai ne, shaida ce mai rauni, kuma rabin rauninta daga harshe yake fitowa.

Takardun da ake dogara da su sanannu ne. A 1563 taron malaman Katolika na Trento ya wajabta wa kowace coci rubuta baftisma da aure a littafi. Sunayen waɗanda aka ba izinin ƙetarawa zuwa Amurka suna gidan ajiyar takardu na Sebiya, wanda aka kafa a 1785. Rajistar gwamnati kuwa ta zo a makare: 1859 a Meksiko, 1870 a Sipaniya.

Mu fara da ƙirar kalma. Ɗafa-ƙeyar -ez da ke cikin Rodríguez, Martínez da Fernández tana yin aikin da "ɗan" ke yi a Hausa: Rodríguez, ɗan Rodrigo ke nan. Da farko sunan yana sakewa daga uba zuwa ɗa, daga baya ya daskare ya zama na gado. Saboda haka Rodríguez biyu ba lalle ne su haɗa kaka ba. Abin da suka haɗa kawai shi ne kowanensu yana da wani kaka mai suna Rodrigo.

Tsarin sunaye biyu, na uba sannan na uwa, yana da amfani ƙwarai ga mai bincike, tun da mace ba ta barin sunanta idan ta yi aure. Amma sai a ƙarni na 19 ya zama ƙa'ida. Kafin nan mutum na iya ɗaukar sunan uwa ko na wata kaka, har ƴan uwa ciki ɗaya su fito da sunaye daban-daban. Mawaƙi Luis de Góngora ɗan Francisco de Argote ne. Góngora sunan mahaifiyarsa ne. Haka ma mai zane Velázquez, wanda mahaifinsa Rodríguez de Silva ne. Wanda ya ɗora ƙa'idar yau a kan littafin ƙarni na 17 zai ba mutum uban da ba nasa ba, kuma a ganinmu wannan ne kuskuren da ya fi muni, don ba ya nuna kansa.

Sai batun rubutu. Harafin x na Ximénez ya koma j bayan gyaran ƙa'idojin rubutu na 1815, aka sami Jiménez. Ba a bambanta b da v a furuci, shi ya sa Baca da Vaca ke musanya. A Amurka s da z sauti ɗaya ne, don haka limamin coci na iya rubuta González yau, gobe Gonzales, ga mutum guda. (Wanda ya ga Umaru ya zama Oumarou a takardar haihuwa ba zai yi mamaki ba.) Dole ne a nemi suna da dukkan siffofinsa.

Akwai kuma sunan da aka ɗora wa mutane. Bayi da ƴan asalin ƙasa da yawa sun karɓi sunan ubangida ko na wanda ya tsaya musu wajen baftisma, kuma a Meksiko ta zamanin mulkin Sipaniya coci-coci da dama sun ware littafin Sipaniyawa daban da na ƴan ƙasa da na barbarar yanyawa. A Filifin, gwamna Narciso Clavería ya ba da umurni a 1849 a raba wa iyalai sunaye daga wani kundi da aka jera bisa haruffa, don sauƙaƙa ƙidaya da karɓar haraji. Bafilifine mai sunan Sipaniyanci na iya bin takardunsa baya har 1849, ya tarar da kakansa yana amsa wani suna dabam.