Fitilar Gargaɗi a Kan Motar Aiki a Lokacin Hazon Bauchi

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, irin su Kanada da arewacin Amurka, akan ɗaura wa a-kori-kura wani faffaɗan ƙarfe a gaba domin ture ƙanƙarar da ta rufe titi, kuma da yake motar tana tafiya a hankali, tana tsayawa tana ja da baya cikin farin yanayin da ido ba ya ratsawa, mai ita ba ya fita aiki sai ya kafa mata fitilar gargaɗi, wato fitilar da ke walƙiya domin sanar da sauran direbobi cewa akwai mota a wurin da ba su zata ba. Garin Bauchi bai san ƙanƙara a kan titi ba, amma ya san hazo, wanda ke sauka daga watan Nuwamba har zuwa wajen Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso lallausar ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A ranakun da hazon ya yi kauri, nisan da ido ke kaiwa yakan gaza kilomita ɗaya, har a fasa tashin jiragen sama a filayen Arewa, duwatsun da suka kewaye garin kuma su ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Saboda haka matsalar mai turin ƙanƙara ita ce matsalar mai janwe, da mai tifar yashi, da motar kwashe shara, da a-kori-kurar bakaniken da aka kira ya je ya duba tirelar da ta mutu a hanyar Jos.

Abin da ya haɗa waɗannan motoci shi ne cewa suna aiki a kan hanya alhali sauran motoci wucewa kawai suke yi, kuma bambancin gudu tsakanin mai aiki da mai wucewa shi ne tushen haɗarin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direban ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke gabansa ya kai ƙafa kan birki, ya riga ya cinye fiye da mita 40, sannan birkin kansa yana buƙatar fiye da mita 50 a kan busasshiyar kwalta mai kyau, wanda ke nufin cewa wajen mita 100 ne mafi ƙarancin abin da ƙaramar mota ke buƙata, tirelar da ta ɗauko siminti daga Ashaka kuwa tana buƙatar abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. Aikin fitilar gargaɗi shi ne ta ba direban da ke tafe waɗannan daƙiƙu, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace fitila da ɗan kasuwa ya ɗauko daga kanta.

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe ta Dindima da Alkaleri, ko hanyar Jos ta Zaranda da Nabordo da Magama Gumau, ya san irin gargaɗin da aka saba gani: yaron mota ya sauka ya karyo rassan bishiya ya jera su a kan kwalta, wani lokaci ya haɗa da duwatsu ko tsohuwar taya. Dabarar ba ta rasa hikima ba, domin kowane direba ya fahimci ma'anar ɗanyen ganye a kan titi, sai dai ganye ba ya haske, iskar tirela ɗaya tana share shi, kuma bayan magariba, musamman cikin hazo, launinsa da na kwalta ɗaya ne. Duwatsun da aka bari bayan an gyara motar an tafi kuwa su kansu tarko ne ga mai babur. Alamar nan mai kusurwa uku da doka ta wajabta wa kowace mota, wadda direbobi ke kira si-koshin, ta fi ganye, amma ita ma tana jiran hasken motar da ke tafe ya dokar ta kafin ta nuna kanta, ga shi kuma a ƙasa take zaune, inda ƙura ta fi yawa.

Launi shi ne abu na farko da mai mota zai yanke shawara a kai, kuma a nan doka ta riga son rai. A kusan ko'ina a duniya, ja da shuɗi launuka ne na motocin gaggawa, wato 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motar asibiti, kuma ma'anarsu ita ce a ba da hanya, alhali ruwan ɗorawa, launin nan na sigina da ke tsakanin ɗorawa da goro, ma'anarsa a rage gudu a yi hattara. A Nijeriya, ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na shekarar 2012 sun taƙaita amfani da jiniya da fitilu masu walƙiya ga wasu manyan jami'ai da motocin gaggawa, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cikin masu sa ido a kan wannan. Don haka mai janwe ko ɗan kwangila da ya kafa wa motarsa ja da shuɗi ya jawo wa kansa tuhuma, kuma ya taimaka wajen zubar da darajar launin da mara lafiya a motar asibiti ya dogara da shi, domin idan kowa ya kunna shuɗi babu wanda zai kauce masa. Ko ruwan ɗorawar ma, abin da ya dace shi ne mai motar ya je ofishin hukumar ko na jami'an duba lafiyar motoci a Bauchi ya bayyana irin aikin da motarsa ke yi kafin ya kashe kuɗinsa.

Farar fitila, wadda matasan direbobi suka fi sha'awa saboda ƙarfinta, ita ce mafi rashin dacewa da hazo. Ƙwayoyin ƙurar da ke rataye a iska suna watsa haske ta kowace fuska, har da mayar da shi idon wanda ya kunna, shi ya sa direban da ya ɗaga fitila mai dogon zango cikin hazo yake ganin farin bango a gabansa. Dogayen fararen fitilun nan da ake ɗaurawa a goshin mota suna ɗauke wa mai zuwa daga gaba ganinsa na wasu daƙiƙu, kuma a hanya mai layi ɗaya kowane ɓangare wannan ya isa ya kai shi cikin rami. Ruwan ɗorawa bai fi sauran launuka ratsa ƙura da wani babban rata ba, kamar yadda ake yawan faɗa, amma ya fi sauƙi ga ido, kuma kowa ya san ma'anarsa. Akwai dai wani abin lura da ya shafi hazo kai tsaye: da rana, sararin hunturu kansa yakan ɗauki launin ƙasa-ƙasa mai kama da ɗorawa, saboda haka raunanniyar fitila tana narkewa a cikinsa. Masu share ƙanƙara sun gamu da irin wannan, har jihohin Ohayo da Mishigan a Amurka suka amince a haɗa kore da ruwan ɗorawa a kan motocin hukuma, lardin Ontariyo na Kanada kuma ya daɗe yana amfani da shuɗi. Waɗannan dokokinsu ne, kuma ba hujja ba ce ga direban Bauchi, wanda mafitarsa ita ce ya nemi ruwan ɗorawa mai ƙarfin da zai fito da rana.

Fitilun da ke kasuwa iri uku ne. Tsohon yayi shi ne mai ƙwai ɗaya da madubi mai juyawa a kewayensa, wanda ƙwansa kan ci wat 55, wato sama da amfiya 4 a motar da ke aiki da bolt 12, kuma yana da ɗan inji da haƙoran roba waɗanda ƙura da girgizar hanya ke kashewa. Na biyu shi ne mai bututun iskar gas da ke tartsatsin haske kamar na kyamara, wanda yanzu ya ja baya. Na uku, wanda ya mamaye kasuwa, shi ne LED, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ba da haske ba tare da zaren da ke ƙonewa ba, kuma babu abin da ke motsi a cikinsu. Muhimmancin ƙarancin cin wutarsu yana bayyana ne a ranar da aka fi buƙatar fitilar, domin motar da ta mutu injinta ba ya cajin batir, kuma fitilar da ke zuƙe batirin cikin 'yan awoyi za ta mutu tun dare bai raba ba. Wajibi ne kuma a duba ƙarfin wutar motar, tun da a-kori-kura bolt 12 take amfani da shi, yawancin tireloli da tifofi kuwa 24, ko da yake akwai fitilun da aka ƙera su karɓi duka biyun, kuma hakan a rubuce yake a jikinsu.

Rubutun da ke jikin fitilar ya fi zanen kwalinta amfani. Alamar ECE R65 tana nuna cewa an gwada ta bisa ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi, alamar SAE J845 ko J595 kuma ta Amurka ce, inda ake kasa fitilu aji uku, aji na ɗaya shi ne mafi ƙarfi kuma shi ya dace da babbar hanya, aji na uku kuwa na cikin ma'aikata ne ko sito. Sai lambar da ke farawa da haruffan IP, wadda ga mazaunin Bauchi ta fi kowace muhimmanci: adadi na farko yana nuna kariya daga ƙura, kuma 6 shi ne matakin da ƙura ba ta shiga sam, adadi na biyu kuma kariya daga ruwa ne, saboda haka IP65 ko IP67 ita ce za ta jure hunturu ta kuma jure ruwan watan Agusta. Gaskiya ne cewa mai jabu ma yana iya buga waɗannan haruffa, shi ya sa ake son mai saye ya ɗauki fitilar a hannu ya ji nauyinta, ya duba ko gindinta na alminiyom ne mai fitar da zafi, ya duba robar da ta rufe bakin murfin da inda waya ta shiga, sannan ya sa a haɗa ta da batir a fito da ita rana tsaka ya ja da baya ya kalle ta daga nesa, domin a cikin inuwar shago kowace fitila tana da kyau.

Wurin da aka kafa fitilar yana iya ɓata mai tsada ya kuma gyara mai araha. Ana son a gan ta daga kowace fuska, wanda ke nufin ta hau saman rufin, kuma ta fi tsayin duk kayan da motar ke ɗauka. A-kori-kurar da aka yi wa lodin buhunan masara a kasuwar Muda Lawal har suka zarce kan direba ta rufe fitilarta daga baya, wato daga fuskar da haɗari ke zuwa, haka ma janwe idan ya ɗaga gaban motar da yake ja. Maganin wannan shi ne ƙarin ƙananan fitilu biyu a kusurwoyin baya, masu walƙiya bi da bi, waɗanda ke nuna wa mai zuwa faɗin motar, abin da fitila guda ba ta iya yi, domin haske ɗaya cikin hazo yana iya zama babur yana iya zama tanka. Fitila mai gindin maganaɗisu, wadda ake ɗorawa a cire, ta dace da bakaniken da ke buƙatarta sa'ad da ya tsaya aiki kawai, amma ƙurar da ta shiga ƙarƙashinta tana rage riƙonta tana kuma kankare fenti, kuma ramukan hanya suna iya wurgar da ita. Motar da aikinta kullum a kan titi yake, a huda rufinta a ɗaure fitilar da noti, a toshe hudar da kyau.

Ragowar aikin na rewaya ne, kuma a nan ake yawan yin araha da abin da bai kamata ba. Rewayan kirki yana jan waya daga batir, ya sa fis kusa da kan batirin, ya bi da wayar ta cikin roba duk inda za ta ratsa ƙarfe, ya kafa makunni a inda hannun direba ke kaiwa, tare da ɗan haske da ke tuna masa cewa fitilar tana kunne. Wanda ya fere wayar danja da haƙori ya murɗa sabuwa a kai ya naɗe da leda ya haɗa gobara ne, kuma ranar da wayar ta gogu da jikin mota yana iya kashe danjar da fitilar gaba ɗaya.

Fitilun zamani suna zuwa da salon walƙiya goma ko ashirin, kuma mafi yawansu ado ne. Ƙa'idar Turai ta tsayar da walƙiya tsakanin sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma salo mai natsuwa ya fi taimakon mai zuwa, saboda ido yana buƙatar ɗan lokaci yana kallon haske kafin ya ƙiyasta nisansa da kuma ko tsaye yake ko tafiya yake yi. Ƙarfin da ya dace da rana yana yin yawa da dare, har ya ɓoye mutumin da ke tsugune kusa da taya yana aiki, shi ya sa fitilu masu kyau ke da matakin dare mai rangwame, shi ya sa kuma ake son mai aikin ya sa riga mai ƙyalli ya bar ƙananan fitilun motar a kunne. Fitilar ba ta ɗauke wa direba wajibcin ajiye si-koshin da nisa ba, musamman kafin kwana ko gangara, ba ta kuma hana shi kiran lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato 122, idan motar ta tare hanya.

Masu turin ƙanƙara sun gano cewa LED, da yake ba ya ɗumama murfinsa kamar tsohon ƙwai, ƙanƙara tana daskarewa a kansa ta rufe hasken, har wasu kamfanoni suka riƙa sa wa murfin waya mai ɗumi. Ƙurar hunturu tana yin irin wannan aiki a hankali: kwana biyu a hanyar Ningi ko ta Darazo sun isa su yi wa murfin lulluɓi, direban da ke cikin mota kuma ba zai lura ba tun da ba ya ganin saman rufinsa. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi, domin goge busasshiyar ƙura yana karce robar ta dushe, zafin ranar Maris da Afrilu kuma yana ƙarasa ta. Yaron motar da ke duba ruwa da baƙin mai kowace safiya yana iya hawa ya wanke murfin, ya kunna, ya zagaya motar sau ɗaya ya tabbatar kowace kusurwa tana walƙiya kafin a tashi daga gareji.