Manyan Sifikoki da Sabwufa: Ina Gaskiyar Take?

Tsakanin masu sayar da kayan sauti a kasuwar IBB ta Suleja da shagunan titin Moroko, maganganu biyu ne ke yawo, kowacce da masu rantsuwa a kanta. Ta farko ta ce duk wanda ya mallaki manyan sifikoki masu kai wa mutum ƙugu ko ƙirji ya gama, ƙara sabwufa a kai almubazzaranci ne. Ta biyu ita ce wadda yaron shago ke tarar mai saye da ita: "Alhaji, in ba ka haɗa da wufa ba, rabin kiɗan kake ji." Kowacce tana da ƙamshin gaskiya, kuma kowacce ta sa mutane asara, a lokacin da kuɗin kayan wuta ba abin wasa ba ne.

Sauti girgizar iska ce, kuma ana ƙirga ta da yawan girgiza a sakan ɗaya, abin da ake rubutawa Hz a jikin kwali. Kunnen lafiyayyen matashi yana kamawa daga wajen 20 zuwa 20,000. Sabwufa ba ta da aiki sai a can ƙasan wannan tsani, daga kamar 80 zuwa ƙasa, inda sauti ke zama rugugin da ake ji a ƙirji. Muryar namiji mai kauri tana farawa ne daga wajen 85, ta mace kuwa ta fi haka nisa. Tsirkiya mafi kauri a gitar bes tana sauka zuwa 41.

To, gaskiya ne babbar sifika ta riga ta cike wannan gurbi? Wani lokaci. Girman akwati ba ya nuna zurfin da sauti zai kai. Yawancin manyan sifikokin da ke kasuwanninmu irin na taro ne, masu faifai inci 12 ko 15 da ƙaho a sama. An ƙera su don su yi ƙara da yawa da wuta kaɗan, su kai murya ƙarshen fili, kuma farashin wannan shi ne galibinsu suna fara sanyi daga 50 ko 60 zuwa ƙasa. Dalilin a cikin halittar iska yake: duk lokacin da aka raba yawan girgiza biyu, sai faifai ya tura iska ninki huɗu kafin a samu ƙara iri ɗaya. Abin da ake buƙata a 40 ya ninka na 80 sau huɗu, a 20 kuwa sau 16. Shi ya sa dijen biki, duk da jibga-jibgan sifikokinsa, yake ajiye akwatuna masu inci 18 a ƙasa, kuma yana da hujja, domin a fili babu bangon da zai riƙe masa bes. Amma akwai dogayen sifikokin falo na ƙwarai, ciki har da tsofaffin na hannu da ake shigowa da su, waɗanda ke sauka zuwa 35 ba tare da wahala ba. Mai irin waɗannan, idan kiɗa kawai yake saurare, masu cewa ba ya buƙatar ƙari sun faɗi gaskiya.

Maganar "rabin kiɗa" ta dogara ne da abin da mutum yake sakawa. Karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, labaran rediyo, sharhin ƙwallo, tsofaffin kaset-kaset na Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, duk kusan babu abin da sabwufa za ta ɗauka a cikinsu. Kalangu da kuntigi suna magana ne a saman inda take aiki. Nan nake so kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su tsaya, domin da kuɗin taimakon jama'a ake saye. Raɗe-raɗin cewa sabwufa tana sa muryar liman ta fito sarai ƙarya ce. Abin da ke bambanta harafi da harafi yana can sama, a dubban girgiza. Ƙara rugugi a ɗaki mai tayil da siminti sai dai ya dagula magana, na sahun baya su ji amo ba su fahimci kalma ba. Kuɗin ya fi amfani a makirfo mai kyau da ƙananan sifikoki da aka rarraba a bango.

Akwai inda yaron shagon yake da gaskiya. Kiɗan zamani da ake haɗawa a kwamfuta, musamman amapiano da ya fito daga Afirka ta Kudu ya cika gidajen biki, da duk kiɗan da ya gaji dogon bes na na'urar Roland TR-808 ta 1980, an gina shi ne a kan wannan ƙasan tsani. Haka fina-finan waje. Tun 1974 fim ɗin Earthquake ya sa aka jibge manyan sabwufa a gidajen sinima na Amurka don 'yan kallo su ji girgizar ƙasa a jikinsu, kuma daga 1992 tsarin Dolby Digital ya ware wa rugugi layinsa na daban, wanda shi ne "1" ɗin da ke cikin 5.1. Wanda yake kallon irin waɗannan da sifikoki biyu kacal, lallai akwai abin da ke wuce shi.

Abin da ba a faɗa a kasuwa, kuma shi ya fi komai tasiri, shi ne ɗakin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka zangon girgiza ɗaya a 40 Hz ya haura mita takwas, ya fi yawancin falukanmu tsawo. Irin wannan sauti yana bugun bango ya dawo ya haɗu da kansa, a wani wuri ya ninku, a wani wuri ya kashe kansa. Kamar ruwa ne a baho idan an jijjiga shi: yana tashi a gefe da gefe, tsakiya kuwa kusan a tsaye. A ɗakin nan da magina suka saba yi, ƙafa 12 da ƙafa 12, wannan yana faruwa a wajen 47 Hz, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ta zama biyu a wuri guda. Wanda ya jingina da bango zai ce bes ya yi yawa, wanda ya zauna a tsakiyar ɗaki zai rantse sifikar ba ta da bes. Mutane da yawa da suka je sayen sabwufa, matsar da kujera taku biyu ko jan sifikoki kusa da bango ya ishe su.

A nan ne kuma sabwufa take da wata fa'ida da ba ƙara ba. Manyan sifikoki dole su tsaya hagu da dama suna fuskantar mai sauraro, ko da wurin bai dace da bes ba. Ita kuwa ana iya yawo da ita, domin kunne ba ya iya nuna inda sautin ƙasa da 80 yake fitowa. Daga nan aka samo maganar "ajiye ta ko'ina", wadda rabinta ne gaskiya. Ba za ka gane inda take ba, amma inda take yana canja abin da kake ji ƙwarai. Kusurwa tana ƙara mata ƙarfi, sau da yawa har ya zama gunji mai sauti ɗaya. Binciken da Todd Welti ya yi a kamfanin Harman a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa sabwufa biyu ko huɗu a wurare daban-daban sun fi guda ɗaya daidaita bes tsakanin kujeru. Ke nan matsakaita biyu na iya fin ƙatuwa ɗaya.

Sai tsoron da ake ba mutane cewa sabwufa tana ƙona sifika ko amfilifaya. Wadda take da amfilifayarta a ciki, mai wayar wutarta daban, ba ta ɗora wa kowa nauyi. Idan ma na'urar tana da hanyar tace bes daga manyan sifikoki, sauƙi take kawo musu, faifansu ya rage wahala, kiɗa ya ƙara tsabta. Inda ƙonewar take faruwa shi ne a haɗin gida: a ɗauko wufar mota ko akwati marar amfilifaya a murɗa wayarsa a kan ta sifika. Sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda take tare wuta) da wufa mai om 4 a haɗe haka sun koma ƙasa da om 3, amfilifayar da aka yi don om 6 ko 8 za ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ga zafin watan Maris da Afrilu na Suleja. Haka idan wuta ta zo da rauni ko ƙaramin janareta ya gaza, amfilifaya tana saurin kai maƙura, sauti ya fara tsagewa, kuma wannan tsagewar ce ke ƙona ƙaramar sifikar sama. Masu gyara sun san wannan, kwayil nawa suke naɗawa saboda shi.

Lambobin wat da ke jikin kwali ma sai an yi hattara. Idan ka ga 5,000 ko 10,000 tare da haruffan PMPO, lamba ce ta talla da ba ta da ma'auni guda da aka yarda da shi. Wadda ake dubawa ita ce RMS. Hanya mafi sauƙi ita ce a juya bayan na'urar a karanta wutar da take ja daga soket, domin abin da ke shan wat 80 ba zai riƙa fitar da dubbai ba. Ko wat na gaskiya ma ba ya ninka ƙara yadda ake zato. Ninka wuta biyu yana ƙara desibel 3 ne kawai, sai an ninka ta kusan goma kunne zai ji kamar ƙara ta ninku.

Cewa bes yana tsaga bango, sabwufar falo ba ta da wannan ƙarfi a kan gini mai lafiya. Abin da ake ji yana karkarwa silin ne, da gilashin taga, da kwanon rufi. Amma gaskiya ne bes yana ratsa bango fiye da kowane sauti, bulo yana tare murya ya bar rugugi ya wuce. A garin da ma'aikatan Abuja suka cika gidajen haya, ɗaki na jingine da ɗaki, kuma mutane na tashi da asuba don kama motar Zuba, wannan haƙƙin maƙwabci ne, kuma hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009. Kunne ma yana da nasa haƙƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma da yake bes ba ya sukar kunne kamar siririn sauti, mutum yakan ƙara murya gaba ɗaya ba tare da ya lura ba. Jariran da ake zama da su gaban sifikokin biki sun fi ba ni tausayi.

Wanda har yanzu yake ganin yana buƙatar sabwufa, ya ari ta aboki ko ya nemi mai shago ya yarda a gwada a gida, domin abin da aka ji a rumfar kasuwa ba shi za a ji a falo ba. A ɗora ta a kan kujerar da aka saba zama, a saka kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, a bi gefen bango a durƙushe ana saurare. Inda kowane sauti ya fito daidai, ba wanda ya danne wani, nan ne mazauninta. Maɓallin iyakar sauti na sabwufar, ga mai manyan sifikoki, a fara shi daga 50 ko 60 maimakon 120 da ake yawan bari. Maɓallin 0 da 180 a gwada duka biyu daga wurin zama, a bar wanda bes ya fi cika. Sannan a rage muryarta har sai mutum ya rufe ido ya kasa nuna kusurwar da take.