Tsokokin Ciki: Dalilin Yin Atisayensu Sannu a Hankali

Bangon cikin ɗan'adam ba shi da ƙashi. Daga haƙarƙari zuwa mara, tsokoki ne ke riƙe da kayan ciki, su ne kuma ke tallafar gadon baya idan mutum ya sunkuya ko ya ɗauki kaya. Biyu dogaye ne, sun sauko ta dama da hagun cibiya. Sauran hawa uku ne a kowane kwiɓi, zarensu ya gitta juna kamar saƙar tabarma.

Atisayen da ke ƙarfafa dogayen nan ba shi da wuya. Mutum zai kwanta rigingine, ya lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, hannuwa bisa ƙirji. Sai ya ɗago kai da kafaɗu yana fitar da numfashi, har allon kafaɗa ya rabu da shimfiɗa, ya ɗan dakata, sa'annan ya koma.

A nan ne masu gaggawa ke yin asara. Wanda ya fizgo jikinsa, ƙarfin fizgar ne ya ɗaga shi, tsokar ba ta yi wani aikin kirki ba. Wanda kuma ya saki jiki ya faɗa baya, ya zubar da rabin atisayen, domin tsoka tana ƙarfafa har a lokacin da take miƙewa tana riƙe da nauyi. Saboda haka goma da aka yi da natsuwa sun fi hamsin na garaje.

Haka nan ba a bukatar tashi zaune ɗungurungum. Da zarar gangar jiki ta haura kusurwar digiri 30, akasarin aikin yakan koma kan wata tsoka da ta haɗa ƙashin baya da cinya. A shekarar 1997, Stuart McGill da abokin bincikensa a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna cewa irin wannan tashi yana matse ƙasusuwan ƙugu da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 300. Mai ciwon baya da mai jego, wadda tsokokin cikinta kan buɗe saboda goyon ciki, su fara neman shawarar likita.

Sai dai mai neman rage teɓa kada ya sa rai. A wani gwaji na 2011 a Amurka, mako shida na atisayen ciki ya ƙara wa tsokoki juriya, amma kitsen da ya lulluɓe su bai ragu ba, domin jiki yana ɗebo kitsen da zai ƙona ne daga ko'ina, ba daga wurin da ake motsawa kaɗai ba.